Yadda Ni da Abbanki Muka Koma Tabarma Ɗaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummina,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan lokacin da za ki buɗe takardar nan kun sauka Gombe lafiya, kin sha ruwa, kin miƙe ƙafa. Yaya gajiyar hanya? Yaya ɗinkin naki, zaman mota bai tayar miki da shi ba? Yaya ƙaramin maigidana, ya bari kin runtsa ko yana nan yana tsala ihu kamar wanda aka ƙwace wa gona? Ki gaishe min da babansa da kyau, ki yi masa ban gajiyar zirga-zirgar da ya sha tsakanin Gombe da Wudil. Allah Ya tsare ku, Ya raya mana yaron nan bisa sunna.

Na cusa takardar a jakar yaji da daddawa ne, don na san ita za ki fara buɗewa. Ke ce 'yar fari. Ko sunanki na yanka ban taɓa iya kamawa ba, balle in zaunar da ke in yi miki irin wannan magana ido cikin ido. Sau nawa ina shiga ɗakinki da kunun kanwa da niyyar yau zan fara, sai in ɓuge da tambayarki ko ruwan wanka ya yi zafi. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ummi, na lura da ke a zaman jegon nan. Kin yi arba'in, kika ce a ƙara miki mako. Aka ƙara, kika ce ko a bari sai bayan Sallah. Duk ranar da mijinki ya zo, kina murna tun safe, kina gyara ɗaki, amma da ya zauna kusa da ke sai in ga kin ɗauki yaro kin rungume kamar garkuwa. Ranar da ƙanwarki Safiyya ta goge tsakar gida da maganin nan mai warin asibiti, kin fita bayan gida kin daɗe, kika dawo ido jawur kika ce hayaƙi ne. Ba mu hura wuta ba ranar. Na san abin. Ni ma na yi shi, kuma na daɗe a ciki fiye da yadda ya kamata.

Kina tuna lokacin da kike firamare, na kwaso shimfiɗata na dawo ɗakinku ke da ƙaninki Sadiƙu? Na ce muku ɗakina zafi. Da sanyi ya shigo na ce sauro. Da sauro ya tafi na ce Sadiƙu yana tari. Yaron nan ya yi tarin da bai san ya yi ba har ya kusa gama firamare. Ga abin da ya faru.

Bayan ku biyu na samu ciki na uku. Haihuwarku ba ta ba ni wuya ba, a gida na haife ku kafin ma ungozoma ta gama ɗaura zani, don haka na ɗauka wannan ma haka za ta zo. A wajen awo an gaya min yaron bai kwanta daidai ba, in zo asibiti da zarar na ji motsi. Na ce to. Ranar da naƙuda ta tashi, da damina ce, Abbanki ya tafi ƙauyukan Indabo rabon taki, ka'idar aikinsa na malamin gona. Na ji ciwo tun hantsi, na ce bari in daure ya dawo, kada a ce na cika raki. Shi kuma can babur ɗinsa ya maƙale a laka, wayarsa babu sabis. Kafin ya iso na galabaita. Aka kai ni asibitin nan garin, suka ce sai Kano. Abin da na iya tunawa shi ne ƙarar tayoyi a kan gada, da fitilar ɗakin tiyata, da wannan wari. Da na farfaɗo aka ce min an yi min ƙarin jini, yaron kuma bai zo da rai ba.

Mutane suka yi ta zuwa, kowa ya ce haƙuri, wani bai ma samu ba, ki gode Allah kina da biyu. Gaskiya suka faɗa, kuma na yi haƙurin, na karɓi ƙaddara da zuciya ɗaya. Abin da ban sani ba, jikina bai karɓi saƙon ba. Ɗinki ya warke, amma in mota ta hau gada za ta nufi Kano sai ƙirjina ya yi ta dukan uku-uku. In Abbanki ya dafa kafaɗata, ko don ya ce in miƙo masa buta, sai in sandare kamar icce. Ba ƙinsa nake ba, Allah Ya sani. Kawai jikina ya ƙulla lissafinsa shi kaɗai: kusanci shi ne ciki, ciki shi ne wancan ɗaki mai fitila. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Da na buɗe baki tun a lokacin na ce masa, Malam, tsoro nake ji, da an rage shekaru. Sai na zaɓi zafi da sauro da tarin Sadiƙu. Don haka abu na farko da nake so ki riƙe: kada ki ƙirƙiro wa mijinki dalili. Namiji in aka ba shi dalilin ƙarya sau uku, zai ƙirƙiro na huɗu da kansa, kuma nasa ya fi naki muni. Kalma uku ce, tsoro nake ji. Ba su da nauyin da kike zato.

Da abin ya yi nisa sai na nemi magani inda ba ya nan. Na gaya wa ƙawata Asabe ta Dagumawa, wadda kika sani, rabin magana. Ba ta bari na ƙarasa ba ta tafa hannu.

"Ke, ni'ima ce ta ƙafe! Bar min wannan, aikina ne."

Ummi, na ci gumba, na sha tsimi, na cinye kaji da aka dafa da saiwoyin da ko sunansu ban sani ba. Abin da na samu kawai ƙiba, har sai da aka buɗe min riguna. Sannan Gwaggo Lami ta zo ta dube ni sama da ƙasa ta ce aljani ne, namijin dare, shi ke raba mace da mijinta. Ta ja ni wajen wani malami mai ruƙiyya. Dattijon nan, Allah Ya saka masa, ya yi min karatu mai tsawo, ina zaune lafiya lau, har hamma na yi. Da ya gama ya tambaye ni yaushe abin ya fara. Na gaya masa.

Ya ce, "Baiwar Allah, ni ban ga aljani a nan ba. Razana na gani. Ki riƙe azkar ɗinki, ki kuma je asibiti ki gaya musu abin da kika gaya min."

Gwaggo Lami har muka iso gida tana cewa malamin bai iya aiki ba.

Kar ki yi dariya da yawa, ɗinki ne a jikinki. Amma ki gane: addu'a tana da wurinta, ban taɓa sake ta ba, kayan gyaran jiki ma suna da ranarsu. Sai dai ba a shafa man zafi a ƙafa alhali ƙaya ce a ciki. Za a kawo miki irin waɗannan a Gombe, maƙwabta ba sa rasa shawara. Ki karɓa da godiya, ki ci kazar in ta yi daɗi, amma ki san ba ita ce maganin ba.

Shi kuwa Abbanki, a tsawon lokacin nan bai taɓa ɗaga min murya ba. Da ma ya yi faɗa da ya fi min sauƙi. Sai ya koma mai ladabi kamar ɗan haya. Ya yi sallama a ƙofar ɗakin da shi ya gina, ya tsaya yana jira a ba shi izini. In ya taso aiki ba ya zuwa gida kai tsaye, sai ya sauka bakin kogi wajen masunta ya zauna har magariba, sannan don kada a ce ya dawo hannu rabbana ya sayo kifi. Yau tarwaɗa, gobe karfasa, jibi tarwaɗa. Kin tuna ranar da Sadiƙu ya fashe da kuka ya ce shi wake yake so? Ni kuma ina kallon shirun nan ina fassara shi da kaina. Na ce a raina, yana ganin ni na kashe masa ɗa da taurin kaina, kawai kara yake min.

Asibitin ma ba don wannan na je ba. Bugun ƙirji ne ya ishe ni, na ɗauka hawan jini ne. Aka auna komai a babban asibiti a Kano aka ce lafiyata ƙalau. Likitan da ya duba ni ya ajiye biro ya ce, Hajiya, kina barci kuwa? Akwai abin da ya taɓa firgita ki? Kawai sai hawaye. Ya tura ni wani sashe wajen wata likita wadda aikinta sauraron irin wannan damuwa, ba allura, ba ƙwaya sai in ta kama. Na zauna da ita sau biyu ni kaɗai. A na biyun ta ce, "Ciwon nan a jikinki yake, amma a gidanku yake kwana. Ki zo min da maigidan."

Na yi kwanaki ina juya yadda zan faɗa masa. Da na faɗa, yana cin tuwo, ya tsame hannu.

"Wane sashe kika ce?"

Na maimaita.

"Ba nan ne ake kai masu taɓin hankali ba? Ni fa lafiyata ƙalau. In wani ɗan Wudil ya gan ni a layin nan, kafin Juma'a an gama yaɗawa a kasuwar Kara."

Na ce, "Malam, ban taɓa roƙonka zani ko sarƙa ba. Wannan nake roƙo."

Ya wanke hannu, ya ce wace rana ce.

Ranar da za mu tafi, muna tsaye a tasha sai ga Alhaji Sule maƙwabcinmu. Ya ce ina zuwa haka da uwargida? Abbanki ko ƙiftawa bai yi ba ya ce ido za a duba masa. To kin san maƙwabci, kullum sai ya tambaya yaya idon. Dole ta sa Abbanki ya je aka auna shi da gaske don ya samu abin nunawa, sai ga shi ashe idon ma yana buƙata. Gilashin nan da kika taso kina ganinsa da shi, asalinsa ke nan. Ki riƙe wannan a cikinki.

Zamanmu na farko, kujeru uku ne a ofis ɗin, muka bar ta tsakiya babu kowa. Likitar ta bar mu a haka. Ta ce kowa ya faɗi abin da yake tunawa na ranar. Abbanki ya ba ta labarin laka, da sarƙar babur, da yadda hanyar Indabo take lalacewa da damina, har da shawarar inda ya kamata a yi kwalbati. Ta saurare shi tsaf, ta gode masa. A hanyar dawowa ya ce min, "Ashe ma ba wani abu ba ne, hira ce kawai." Na ce eh, Malam, hira ce.

Sai da muka yi zuwa da dama. Ta koya min yadda zan ja numfashi in bugun ya taso, in taka ƙasa da ƙarfi, in kira sunan abubuwan da nake gani a gabana, don jikina ya gane yau ce ba waccan ranar ba. Ta yi wa Abbanki bayani cewa sandarewar da nake yi ba ƙiyayya ba ce, jiki ne ke tsaron kansa. Na ga ya gyara zama, ya dube ni ta gefen gilashi.

Rannan ta juya gare shi ta ce, "Malam, lokacin da take kwance ba ta san inda take ba, kai kana ina?"

Ya ce yana waje. Ta ce, sannan fa? Ya cire hula ya riƙe. Ummi, abin da ya faɗa ban taɓa ji ba sai ranar. Ashe yaron ya zo da rai. An miƙo masa shi, ya yi masa huɗuba a kunne, ya sa masa Muhammadu, yaron ya ɗan jima a hannunsa sannan ya cika. Shi ya rungumo shi a bayan mota tun daga Kano har Wudil, aka yi masa sutura, ya juya ya koma asibiti ya ba da jininsa aka ƙara min. Ya ce goshin yaron irin nawa ne. Dangi suka ce kada a gaya min, zai ƙara min ciwo, shi kuma ya bi.

Likitar ta ce, "Me ya hana ka kusantarta tun daga nan?"

Ya ce, "Ni na jawo. Da ina gida da ba a kai haka ba. Na san tana kallona da abin. Kuma na ga yadda aka fito da ita. Na ce in na sake zama sanadin da za ta koma ɗakin nan, me zan gaya wa 'ya'yanta?"

Na ce, "Malam, ni fa na ɗauka ni kake zargi, da na ƙi tafiya asibiti da wuri."

Ya juyo gaba ɗaya. "Ke? Ni in zarge ki? Ke da kika kusa mutuwa?"

Muka tsaya muna kallon juna. Shekaru muna gida ɗaya, kowa ya ɗauki laifi ya ɗora wa kansa, yana jiran ɗan'uwansa ya yanke masa hukunci. Na yi kuka ranar irin wanda ban yi ba ko a zaman makoki, domin sai ranar ɗana ya samu suna a bakina. Shi ma ya yi, ya ce gilashin ne bai saba da shi ba. Ban san lokacin da na koma kujerar tsakiya ba.

Ki ji wannan da kyau. Ranar da aka shiga da ke tiyata, ni ina zaune a barandar asibiti, na ga mijinki. Ya kai gwauro ya kai mari har takalminsa ya tsinke, ya ci gaba da tafiya da ƙafa ɗaya babu takalmi bai sani ba. Shi ma akwai abin da ya kwasa ranar. Kada ki fassara shirunsa ke kaɗai. Ki tambaye shi, kai kana ina, me ka gani?

Kada kuma ki ɗauka daga ranar komai ya warware. Likitar ta ba mu aikin gida kamar 'yan makaranta. Ta ce kullum bayan la'asar mu shimfiɗa tabarma ɗaya mu zauna, mu ci abinci a kwano ɗaya, babu abin da ake nema daga kowa. In an saba, a riƙe hannu. Ta ce mu zaɓi kalma wadda in ɗaya ya faɗa, ɗayan zai tsaya nan take babu fushi babu tambaya. Abbanki ya ce "birki". Na ce Malam, ba babur ba ne. Ya ce shi dai ita ce ba zai manta ba. Haka ta zauna.

Ranar farko da muka zauna a tabarmar, mun rasa abin faɗa, kamar saurayi da budurwa a zaure. Ya tambaye ni farashin manja. Ke kika dawo daga islamiyya kika gan mu, kika ja ni gefe kika ce, "Umma, Abba ba shi da lafiya ne?" Da na gaya masa ya yi dariya har da tari. Rabon da in ji wannan dariyar na manta.

Akwai ranakun da aka koma baya. Wata rana ya kamo hannuna ba zato, na fizge na tashi na shige kicin. Na tsaya ina jiran in ji ya fita bakin kogi. Sai na ji shi a bakin ƙofa yana cewa, "Birkin ne?" Na ce shi ne. Ya ce, "To, ina nan a tabarma." Kuma da na fito yana nan. Wannan zaman da ya yi ya fi min duk kajin Asabe.

Likitar ta kuma tura mu wajen masu tazarar haihuwa, muka je tare, aka yi mana bayani, muka zaɓi abin da ya dace da mu. Sanin cewa ciki ba zai zo ba sai mun shirya ya sauke min rabin tsoron. Wata Juma'a ya ɗauke ni a babur muka bi ta gefen maƙabarta, ya tsaya daga bakin hanya ya nuna min wajen da hannu, na yi wa Muhammadu addu'a da sunansa. Daga nan muka hau gada, muka je ƙarshenta muka dawo, ina riƙe da rigarsa ina jan numfashi, yana ta ba ni labarin masu wankin mota a ƙasa don ya ɗauke min hankali. Sannu ba ta hana zuwa. Wata rana da kaina na naɗe shimfiɗata na mayar inda take. Sauran bayani ba na uwa da 'ya ba ne. Safiyya dai ga ta nan kina gani, kuma a asibiti na haife ta, da ƙafata na shiga, Abbanki yana riƙe da jaka.

To Ummina, ga abin da nake so. Naki yaron yana raye, alhamdu lillahi, kuma za a ce miki me kike nema kuma. Godiya daban, razana daban, suna iya zama a ƙirji ɗaya. Ki ba jikinki lokacin da likitoci suka ce. Ki gaya wa mijinki gaskiya tun yanzu da abin yake ɗanye. In kin ga wata ya wuce, wani ya bi, warin asibiti yana kora ki waje, ko kina sandarewa, to ku nemi irin wannan likita a can, ku je ku biyu. In wadda kuka samu ba ta saurare ki da kyau ba, ku canza, ba aure kuka ɗaura da ita ba. In shi ne ya noƙe don kunya, Abbanki ya ce ki gaya masa ya kira shi. Eh, ya san ina rubuta takardar nan. Ya ce in rubuta komai, ban da kukan. Na ce to.

Na san ki da kunya, irin tawa ce. Ba sai kin amsa min da dogon bayani ba, ba kuma zan tambaye ki ba. Duk ranar da kika kira muka gama gaisawa, ki ce min, "Umma, mun yi maganar." Zan ce madalla, in tambaye ki ko daddawar ta ƙare.

Allah Ya tsare min ke a tafiya da zama, Ya kore miki tsoro, Ya sanya natsuwa da ƙauna a ɗakinki. Allah Ya yi muku albarka ke da mijinki da abin da kuka haifa, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
daga Wudil.